Kifin da Des Ya Kamo Don Glenys

Sunana Maree Kerslake. Na shekara goma sha ɗaya ina aiki a jami'a a Hobart, babban birnin tsibirinmu da ke can kudancin duniya, kafin in san Des Triffitt, kuma kifi ne ya haɗa mu.

Aikina binciken jijiyoyi ne, amma ba ɓangaren da mutane suke son jin labarinsa ba. A cikin ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya da kowace jijiya akwai ƙwayoyin halitta iri biyu. Akwai masu aika saƙo, su kowa ya sani. Akwai kuma waɗanda muke kira giliya, da suke kewaye da su. Su ne ke ciyar da masu saƙon, su kwashe dattin da suka bari, su nuna wa sababbi hanya tun jariri yana ciki. Wasunsu kuma suna nannaɗe jijiya da wata farar riga ta kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya yi gudu kuma kada ya zube a hanya. Mutanen da suka fara ganinsu sun ɗauka gam ne kawai da ke riƙe ƙwaƙwalwa wuri ɗaya, daga nan ma sunan ya fito. Ni tambayata ɗaya ce tun ina ɗaliba: yaushe giliya ta koyi ɗinka wannan riga, kuma da wane kayan aiki ta fara?

Wani ɓangare na amsar yana jikin lamfure, kifin nan mai kama da maciji da ke hawowa kogunanmu daga teku lokacin sanyi. Ba shi da muƙamuƙi, bakinsa zagayayye ne, da shi yake manne wa dutse. Danginsa sun rabu da namu fiye da shekara miliyan ɗari huɗu da suka wuce. Yana da giliya, amma jijiyoyinsa tsirara suke. Kifin shak kuwa, da duk mai muƙamuƙi har zuwa kanmu, yana da rigar. Ina bukatar lamfure masu rai, kuma ban iya kama ko ɗaya ba. Da na samu takardar izini, wani ma'aikacin hukumar kifi ya ce in je wani ƙauye a bakin kogin Huon in nemi Des, in kuma yi haƙuri da bakinsa.

Na same shi a bakin ruwa yana ɗinkin raga. Dogon mutum ne mai shekara sittin da wani abu, hannuwansa duk tabo. Ya dubi takalmin ƙafata kafin ya dubi fuskata.

"Ke ce daktar da ke neman abin da kowa ke zubarwa?" in ji shi.

Na ce ni ce. Ya tambaye ni me zan yi da su, tunda ko karensa ba ya shinshinarsu. Sai na yi masa bayanin da na saba yi wa mutane a wurin biki, wanda yakan sa su tuna suna da wani aiki a wani wuri. Na faɗi maganar rigar kitse da wayar lantarki. Ina cikin magana na ga ya ajiye allurar ragar. Ya sa na maimaita. Ya tambaye ni ko wannan rigar ce takan lalace a jikin mutum har ƙafa ta daina jin magana. Na ce ita ce. Sai ya ce in zo ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, da takalmin roba na gaske.

Ban taɓa aiki da mutum irinsa ba. Ya san kowace madatsa da lamfure ke taruwa a gindinta, ya san wace laka ce 'ya'yansu makafi ke kwana a ciki shekara da shekaru kafin su tafi teku. Yakan tsoma hannu cikin ruwan da ke yanka ƙashi don sanyi, ya ɓamɓaro su daga jikin siminti ba tare da ya ji wa ko ɗaya ciwo ba. Ya ƙera musu akwati mai rufi biyu don kada ruwansu ya ɗumama a mota. In na ce ina son goma, sai ya kawo goma sha biyu ya ce biyun na hanya ne. Kullum kuma sai ya tambaye ni yadda aiki ke tafiya, ni kuwa sai in ce muna ci gaba, don haka ake cewa. Na ɗauka tsoho ne da ya gaji da zaman gida. Shekara guda da rabi ban san komai game da gidansa ba, sai dai yana da mata, kuma ba ya yarda ya wuce sha biyun rana a kogi.

A watan Nuwamba na shekara ta biyu santsi ya kwashe ni a kan madatsa, na faɗa ruwa har wuya. Des ya jawo ni da ƙugiyar jirgi, ya yi dariya har ya ƙoshi, sannan ya ce in zo gida matarsa ta ba ni kaya, kada in mutu a hanya a ce shi ne.

Gidan yana kan tudu a tsakiyar tsohuwar gonar tuffa, kuma kafin a kai ƙofa sai an hau matakala goma sha ɗaya ta katako. A ɗakin girki, kusa da murhu, wata mata ce zaune a kujera mai hannu, an rufa mata bargo a gwiwa, ga keken guragu a naɗe a jikin bango. Des ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ga ta nan, Glenys," ya ce. "Ga daktar da ke miki aikin."

Ina tsaye ruwa na ɗiga daga jikina a kan dabensu, sai na gane komai lokaci ɗaya. Glenys tana da ciwon da likitoci ke kira em-es, wanda ya fi yawa a tsibirinmu fiye da ko'ina a ƙasar. Garkuwar jikin mutum ce ke juyawa ta cinye wannan farar riga da giliyar da ke ɗinka ta. Glenys ta shekara ashirin da biyu tana tuƙa motar 'yan makaranta, har ranar da ƙafarta ta dama ta yi jinkirin sauka daga kan totur zuwa birki. Ba abin da ya faru, amma a ranar ta mayar da makulli. Yanzu shekararta goma sha huɗu da ciwon.

Ta dube ni da ido ɗaya a ɗan kanne, don na daman ba ya gani sosai. Ta ce wa Des ya daina tsayuwa kamar itace ya ɗauko mini wandonta mai launin toka. Na sha shayi, na ci burodi da jam ɗin 'ya'yan itace da ya dafa da kansa bisa umarninta, na yi godiya, na tafi. Ban gyara maganarsa ba.

A hanya na tsaya a kantin ƙauyen in sayi abin taɓawa. Mai kantin ta ga wandon Glenys a jikina, ta gane ni. Ta riƙe hannuna ta ce duk ƙauyen suna godiya, Des ya gaya musu saura kaɗan a samu maganin.

Wata biyar na yi shiru. Na gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba, shi ne ya fahimci abin da yake so. Na gaya wa kaina cewa zalunci ne a ƙwace wa mutum abin da ke tashinsa da safe. Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wata gaskiyar da ba na son dubawa: ina bukatar kifin, kuma na san ba wanda zai kamo mini su kamar mutumin da ya yarda cewa ƙafafun matarsa yake kamowa.

Glenys ce ta kira ni a waya a watan Afrilu. Ta ce Des zai je Hobart a cire masa haƙori ranar Alhamis, in zo in mayar mata da wandonta. Na riga na mayar tun tuni, amma na je.

Ba ta tsaya kwana-kwana ba. Ina zama ta ce, "Ƙanwata, ba magani kike haɗawa ba, ko?"

Na ce a'a.

"Kuma ba za ki haɗa ba, ko nan da shekara ashirin."

Na ce aikina ba na magani ba ne sam. Tarihi nake bi, ina so in san asalin abu. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce tun ranar farko da Des ya dawo yana rawar jiki ta sani, don ta daɗe da likitoci, ta san yadda masu magani ke magana, kuma ba wanda ke haɗa magani da kifi goma sha biyu a bokiti. Ta ƙyale shi ne don ta daɗe ba ta ji yana waƙa a wanka ba. Amma yanzu abin ya fara cutar da ita.

Sai ta lissafa mini. Ma'aikaciyar jinya ta ce a sa gangaren da keke zai bi a maimakon matakala, Des ya ce asarar katako ce, nan da baɗi da ƙafarta za ta sauka. An ce a fasa bahon wanka a yi wurin da keke zai shiga, ya ƙi. 'Yarsu Tamsin da ke Launceston ta nemo matar da za ta riƙa zuwa sau biyu a mako, ya kore ta cikin ladabi. Duk lokacin da za su asibiti a bayansa yake goya ta ya sauka matakalar nan, shi da bayansa ya riga ya lalace. Fiye da shekara guda ba ta fita waje ba in ba asibiti ba. Furen tuffa ya zo ya wuce, ta taga ta gan shi.

"Ni in na faɗa, sai ya ce na karaya," in ji ta. "Ke kika ba shi wannan fatan, ke za ki karɓe."

Na gaya masa a ranar fitarmu ta farko a watan Yuni, farkon sanyi a wurinmu, a gindin madatsar da na faɗa ruwa. Ya riga ya cika bokiti ɗaya. Na shirya kalmomi masu laushi tun daga Hobart, amma da na buɗe baki sai suka fito a bushe. Na ce masa abin da nake yi ba zai warkar da Glenys ba, ba bana ba, ba baɗi ba, kuma ba don haka aka fara shi ba. Na ce na san abin da ya ɗauka tun ranar da na je gidansa, na kuma yi shiru don ina son kifin.

Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Ya tambaye ni, to duk lokacin da nake cewa muna ci gaba, ina muke zuwa? Ya tsaya kallon bokitin, lamfuren sun manne a jikin roba suna lilo. Na ɗauka zai watsar da su a nan. Sai ya ɗauki bokitin, ya hau gefen madatsar a hankali da gurguwar gwiwarsa, ya zuba su a ruwan da ke saman madatsar, inda suka kwana suna ƙoƙarin kaiwa. Ya sauko, ya ajiye mini bokitin a gabana, ya shiga motarsa.

Duk lokacin sanyin nan bai ɗaga wayata ba. Na yi ta zuwa kogi ni kaɗai, na bi wuraren da na tuna. A wata guda na kama uku, ɗaya ma ya mutu kafin in kai Hobart. Kusan shekarar aiki ta tafi a banza, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Glenys kuwa ba ta sake ni ba. Ta ce tunda na ɓata mata miji, ya zama ba ya magana sai da kare, dole in riƙa zuwa ina ɗebe mata kewa. Kuma tana so ta ga abin da ya sa mace mai hankali take shiga ruwan sanyi, tunda ba magani ba ne. Sai na ɗauko wani tsohon madubin bincike mai ƙara girman ƙananan abubuwa da ba a amfani da shi a ofis, da akwatin gilasan da na shafa wa yankan jijiyoyi, na fara zuwa duk Alhamis. Da Des ya ji ƙarar motata sai ya fita ta ƙofar baya.

A zuwana na uku na tarar an cire matakalar gaba, ga katako a zube. Muna ciki muna jin guduma, kowane bugu kamar da wani yake faɗa. Cikin kwana huɗu ya gama gangaren, bai nemi shawarar kowa ba, ya yi shi a miƙe kamar zamiyar yara. Glenys ta sa ya tura ta bakin ƙofa, ta leƙa ƙasa, ta ce masa in so yake ya rabu da ita ai akwai hanyoyin da ba sa cin katako. Ya ɓalle shi duka ya sake, wannan karon da lanƙwasa biyu da wurin hutawa a tsakiya. Sai da ya yi mako uku.

A kan teburin girkinsu na fara nuna mata jijiyar shak. Hannunta na rawa, don haka ni nake juya mata madubin, ita kuma ta sa idon hagu. Ta daɗe ba ta ga komai ba sai gashin idonta. Can sai ta ce ta ga zobba, zobe cikin zobe, kamar an yanka albasa. Na ce rigar ke nan, giliya ɗaya ce ta shimfiɗa jikinta ta yi ta zagaya jijiyar har sau da yawa. Sai na sa mata ta lamfure. Ta ce wannan ba albasa, sai wasu manyan ramuka farare. Na ce jijiyoyin ne, ga giliya nan a raɓe da su tana rungume su sako-sako, amma ba ta nannaɗe ba. Tunda ba shi da riga, sai ya yi wasu jijiyoyin masu kauri don saƙo ya ɗan yi sauri. Da haka yake rayuwa tun kafin a yi itatuwa irin na gonarta.

"Wato wannan mummunan abu yana hawa madatsa ba riga," ta ce, "ni kuma ban iya zuwa banɗaki."

Na ce shi an gina jikinsa ne ba tare da ita ba. Mu kuwa jijiyoyinmu sirara ne, dogaye, an gina su da sanin cewa rigar tana nan. Ita ta ba mu sauri da girman jiki, shi ya sa in ta yage ba mu da abin komawa.

Ta yi ta tambaya a makonnin da suka biyo baya, tambayoyin da ɗalibaina ba sa yi. Wata rana ta ce, ita giliyar tata, duk ta mutu ne? Na ce a'a. Na gaya mata abin da aka sani: a jikin kowa, har tsoho, akwai ƙananan giliya da ba su gama girma ba, suna warwatse a ƙwaƙwalwa da laka. In riga ta yage a wani wuri sukan taso su zo, su yi ƙoƙarin ɗinka sabuwa. Wani lokaci su yi nasara, ko da rigar ta fi ta da siranta. Sau da yawa, musamman in ciwon ya daɗe, sukan iso wurin su kasa. Masu neman magani na gaske, a nan da yawansu suke aiki, suna neman abin da zai taimaka musu su ƙarasa.

Glenys ta janye daga madubin.

"Ashe suna zuwa," ta ce. "Shekara goma sha huɗu ina ganin jikin nan gaba ɗaya ya tsane ni. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai masu zuwa gyara."

Ta share ido da bayan hannu, ta ce in zuba mata shayi, kuma kada in cika kofin. Da na juya wajen murhu sai na ga Des a bakin ƙofar baya, da guduma a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Wannan ne karo na farko da muka haɗa ido tun watan Yuni. Ya tambaye ni, ba tare da ya gaishe ni ba, ko su masu neman maganin suna karanta abin da nake rubutawa. Na ce wasunsu sukan karanta. Na ce wani lokaci sanin yadda abu ya faro yana taimaka wa mai gyara, wani lokaci kuma ba ya taimakawa, kuma ba zan yi masa alƙawarin komai ba.

"Da haka kika ce tun farko, Dakta," in ji shi. Ya koma waje.

Ranar da aka gama gangaren na biyu ina nan. Furen tuffa ya fara fitowa. Des ya tura ta har ƙasa, tana ba shi umarni kamar ita ke tuƙi, ya kai ta tsakiyar gonar ya tsaya. Ta ce masa itatuwan suna bukatar aski, ya yi sakaci. Ya ce in ta iya ta tashi ta yi. Ta ce ya kawo mata almakashi ya gani. Na koma ciki na wanke kofuna.

Bayan kwana goma ya kira ni da kansa. Ya ce an yi ruwa a kan duwatsu, kogi ya hau, lamfuren ƙarshen shekara suna wucewa, in ina so in zo da safe.

Mun ci gaba da aiki shekara uku, amma ba kamar da ba. Ya daina kawo na hanya, in na ce goma, goma zan samu. Ba ya fita Talata da Juma'a, don ranakun ne yake kai Glenys iyo a wurin wankan masu jinya a gari, inda ruwa ke ɗauke mata nauyin ƙafafu. Matar da ya kora ta dawo, aka fasa bahon wankan. Ya daina tambayata yadda aiki ke tafiya. Sai dai wani lokaci, muna cikin ruwa, ya jefo tambaya kamar ba da gangan ba. Ya taɓa tambayata ko tsutsa tana da giliya. Na ce tana da su, ƙuda ma yana da su. Ya ce to wa ya fara, na ce wannan ita ce rigimar da muke yi a taro, wasu na cewa sau ɗaya aka ƙirƙiro su, wasu na cewa sau da yawa. Ya ce ashe mu ma ba mu san komai ba, sai dai mun fi shi iya faɗa da Turanci mai tsawo. A kantin ƙauye kuwa, shi da kansa ya je ya gyara maganarsa. Mai kantin ba ta sake riƙe hannuna ba, amma tana gaishe ni.

Abin da na samu a ƙarshe ba babba ba ne. Ya dace da abin da wasu suka fara hangowa: giliyar lamfure tana riƙe da wasu daga cikin kayan ɗinkin, amma ba ta ɗinki da su. Na rubuta, aka buga, na sa sunan Des da Glenys a wurin godiya. Na kai musu kwafi. Glenys ta sa na karanta mata da ƙarfi, ta yi barci a shafi na biyu.

Ciwonta bai tsaya ba. A shekara ta uku hannun hagu ya fara bin ƙafafun, zafin watan Janairu kuma yana kwantar da ita kwana da kwanaki. Shi kuma Des bayansa ya sake ƙagewa, har ya yi mako biyu bai iya ɗaga ta ba. Tamsin ta samo musu ƙaramin gida marar matakala kusa da nata a Launceston. Wannan karon Des bai yi gardama ba, shi ya fara cewa lokaci ya yi.

Na je taya su kwashe kaya. Da aka gama loda mota, ya kira ni gefe ya miƙo mini wata tsohuwar kalanda a naɗe. A bayanta ya zana kogin da fensir, tun daga bakin teku har duwatsu, da kowane rafi da madatsa da kwarin laka, da watan da ya kamata a je kowanne. Sai dai ba sunan da ke kan taswirar hukuma ko ɗaya. Sunayensa ne na kansa: wurin mataccen doki, gadar mai rowa, inda Dakta ta yi wanka. Ya ce in na ɓata in kira shi, amma ba lokacin cin abinci ba.

Da ita nake aiki har yau, kuma na gano duk wuraren sai ɗaya. A can sama, inda wani rafi ya rabu biyu, ya sa alama ya rubuta: inda Glenys ta faɗa ruwa, Satumba, manyan lamfure. Na je sau huɗu ban ga rafin ba. A watan jiya na kira shi. Ya ce in wuce tsohon injin katako in bi hagu, ba yadda za a yi in rasa shi, a nan ta zame shekarar da suka yi aure. Sai na jiyo muryar Glenys daga nesa, a hankali yanzu take magana, kalmomin suna jan ƙafa, tana cewa dama ne ba hagu ba, kuma tsohon nan ƙarya yake yi, shi ne ya faɗa, ita ta jawo shi. Suka shiga musu suka manta da ni a kan layi. Na saurara na ɗan lokaci, sannan na ajiye wayar. Ranar Asabar zan gwada dama.